Mutumin Da Ya Rasa Hagunsa

Yau, ya 'yan'uwa masu karanta wannan fili, za mu ba ku labarin wata larura da ta sami wani amininmu, wadda muka yi kuskure a kanta tun ba mu fahimce ta ba, kuma kuskuren nan namu ya kusa ƙarasa rushe auren da ya haura shekara talatin.

Shi wannan bawan Allah ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda. Tare muka riƙe allo da shi muna yara, daga baya shi ya bi kasuwa, mu muka bi littafi. Ba za mu faɗi sunansa ba, Alhaji kawai za mu ce. Ya daɗe yana fama da hawan jini, yana kuwa shan magani irin shan da yawancin 'yan kasuwarmu suke yi, watau in kai ya sara a haɗiyi ƙwaya, in ya lafa a jefa sauran a aljihun riga har sai wani jiƙon. Wata asubar hunturu ya tashi zai tafi masallaci, sai ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a bakin ƙofa, baki ya karkace. Aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton kansa da na'ura, likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata babbar jijiya a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa. Bayan kwana goma sha biyu aka sallame shi. Ƙafa ta fara dawowa, hannu yana ɗan motsi, magana kuwa ras, babu abin da ya taɓa ta. Kowa ya ce an auna arziki.

Da aka komo gida sai aka shimfiɗa masa a turakarsa, yadda ƙofar ɗakin take wajen damansa, taga kuwa wajen hagunsa. Uwargidansa, wadda ita ce ta yi jinyarsa a asibiti, ta shimfiɗa tabarmarta a ƙarƙashin tagar nan don kada masu shigowa dubiya su riƙa tsallake ta. Amarya kuwa, da yake tana da goyo, sai ta leƙo ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe shi ta koma. To, sai aka lura da wani abu. In amarya ta leƙo, Alhaji ya dube ta, ya yi murmushi, ya tambayi yaro. In uwargida ta yi magana daga inda take zaune, ko dai ya yi kamar bai ji ba, ko kuwa, abin da ya fi ciwo, ya amsa maganar yana duban ƙofa, sai ka ce amarya ce ta faɗa. Ran girkin uwargida a kawo tuwo, ya ci rabin kwano daidai kamar an tsaga da wuƙa, ya ture, sa'an nan ya ce ana ba shi abinci kaɗan. Ashe ran girkin amarya ma haka yake yi, amma da yake babu mai ƙorafi a ranar, babu wanda ya duba kwanon.

Ba sai mun gaya muku abin da aka fara raɗawa a cikin gida ba. Aka ce farraƙu ne. Aka ce tun da ma an daɗe ana nema, sai yanzu da ciwo ya raunana shi abin ya kama. Dangin uwargida suka zo suka ce 'yarsu ba baiwa ba ce, ita kuwa ta fara haɗa kayanta. Sai babban ɗansa ya zo ya ɗauke mu domin mu yi sulhu.

Da muka shiga aka ajiye mana kujera wajen ƙofa, watau a damansa. Muka gaisa, muka yi hira, muka same shi da hankalinsa sarai, har yana tuna mana bashin da wani ya ci masa shekara takwas da suka wuce da adadinsa. Sa'an nan muka ce, "Alhaji, me Hajiya ta yi maka da kake ƙaurace mata?" Ya ce, "Malam, ni ne zan kawo maka ƙara. Tun da aka dawo da ni gidan nan, sau nawa ta leƙo ni?" Alhali kuwa tana zaune kamu biyu daga kafaɗarsa, tana sharar hawaye da bakin mayafi. Ranmu ya ɓaci, domin mun ɗauka wulaƙanci ne da gangan a gaban idonmu. Muka buɗe masa wa'azi a kan adalci tsakanin mata, har muka tuna masa da gargaɗin nan da kowane ɗalibi ya sani game da makomar ɓarin jikin wanda ya fifita mace ɗaya a kan ɗaya. Mutumin da ɓarin jikinsa ya riga ya shanye muka gaya wa wannan magana. Ya yi shiru, sa'an nan ya fashe da kuka yana rantsuwa bai san laifin da ya yi ba. Har yau in muka tuna wannan zama sai mu nemi gafarar Ubangiji.

Abin da ya farkar da mu alwala ce. Da la'asar ta yi aka kawo buta da tasa, yaro yana zuba masa ruwa. Ya wanke rabin fuskarsa na dama, ya wanke hannun dama zuwa gwiwar hannu sau uku, yana cuɗawa da ɗan ƙarfin da ya rage wa hagun ba tare da ya ko dube shi ba, ya shafi kai, ya shafi kunnen dama, aka taimaka masa ya wanke ƙafar dama, sai ya ɗaga kai ya yi addu'ar gama alwala. Muka ce, "Alhaji, saura hagu." Ya ce ai ya wanke. Muka dube shi da kyau, sai muka ga tozali a idon dama kaɗai, hannun rigarsa na hagu kuwa bai ma zura shi ba, yana reto a bayansa. Nan take jikinmu ya yi sanyi, domin mutum yana iya yin gaba da matarsa, amma ba ya yin gaba da gwiwar hannunsa. Muka ce wa Hajiya ta taso ta zagayo ta tsaya inda muke. Tana zagayowa fuskarsa ta washe, ya ce, "Hajiya! Yau kin tuna da ni?"

Kashegari muka bi su asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma gwajin da ya yi bai buƙaci wata na'ura ba, takarda ce da alƙalami. Ya ja layi a kwance ya ce Alhaji ya sa alama a tsakiyarsa, sai alamar ta faɗa can kusa da ƙarshen dama. Ya ba shi takarda cike da 'yan gajerun layuka a warwatse ya ce ya soke su duka, ya soke na dama ya ajiye alƙalami ya ce ya gama. Ya ce ya zana agogon bango, sai ya zana da'ira sosai, amma ya cusa lambobin nan goma sha biyu a rabin dama, rabin hagu fayau. Sa'an nan likita ya ce ya rufe ido. Ya taɓa bayan hannunsa na hagu, Alhaji ya ce hagu. Ya taɓa na dama, ya ce dama. Ya taɓa su biyun a lokaci guda, sai ya ce dama kaɗai. Watau hannun yana ji, saƙo yana isa, amma da zarar wani saƙo ya zo daga dama sai ya danne na hagun.

Turawa suna kiran wannan larura da wani suna mai ma'anar sakaci da sashe guda na sarari, likitocin Larabawa ma ihmali suke cewa. Mu dai sunan bai kwanta mana ba, domin sakaci laifi ne na wanda ya san abu ya ƙyale shi, wannan kuwa bai san akwai abin da ya bari ba. Mun fi son mu ce gafalar ɓari. Kuma ba makanta ba ce. Akwai wata larura dabam da ke kashe rabin ganin mutum bayan irin wannan ciwo, amma mai ita yakan san ya yi rashi, sai ya riƙa juya kai don ya cike giɓin. Mai gafalar ɓari kuwa ba ya juyawa, domin a wurinsa babu wani wuri can da za a juya a duba. Ku gwada tunanin abin da ke bayan ƙeyarku yanzu: ba duhu kuke gani a can ba, ba ku dai ganin kome, kuma ba ku jin an rage muku kome. To, haka hagun Alhaji ya koma.

Bayanin da masana suka yi shi ne, ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma aikinta a gicciye yake: ɓarin dama ke kula da hagun jiki da abin da ke hagun mutum, ɓarin hagu ke kula da dama. Amma wajen rarraba lura a sarari ba a yi musu rabo daidai ba. Ɓarin hagu damar mutum kaɗai yake tsaro, ɓarin dama kuwa yana tsaron ɓangarorin biyu. Misalinsa kamar kanti ne mai ƙofa biyu da masu gadi biyu, ɗaya an ɗora shi a kan ƙofar gabas kaɗai, ɗaya yana zagaya duka biyun. In na ƙofar gabas ya kwanta ciwo, mai zagayawa ya rufa asiri. In mai zagayawa ne ya kwanta, ƙofar yamma ta zama ba mai ita. Wannan ne ya sa gafalar hagu ta fi yawa, ta fi tsanani, ta fi daɗewa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 a kan mutum fiye da 1,200 da wannan ciwo ya kwantar, an sami alamar gafala a farkon ciwo ga kashi 43 cikin 100 na waɗanda ɓarin damansu ya taɓu, da kashi 20 na waɗanda ɓarin hagunsu ya taɓu. Bayan wata uku ta rage ga kashi 17 na rukunin farko da kashi 5 na na biyu. Wurin da ya fi jawo ta shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke sama da kunnen dama, ɗan baya kaɗan, da hanyoyin da suka haɗa shi da sashen goshi.

Wani masani mai suna Marcel Kinsbourne ya ƙara da cewa ɓarin biyu kullum jan juna suke yi, kowanne yana tura hankali zuwa ɓangaren da yake tsaro, kamar mangala a bayan jaki. In aka zazzage buhu ɗaya, kaya sai su rinjaya wajen ɗayan. Saboda haka babu wani layi a tsakiyar duniyar marar lafiya da za a ce daga nan gani ya yanke. Rinjaye ne: duk abin da ya fi kusa da dama ya fi ƙarfin jan hankalinsa, ko da a cikin abubuwan da ke damansa ne. Michael Posner da abokan aikinsa sun nuna a 1984 cewa babbar wahalar ita ce saki, watau in hankali ya kama wani abu a dama, cire shi daga can a kai shi hagu shi ne aiki. Hausa ta riga ta tanadi kalmomin: muna cewa an ja hankalinsa, an ɗauke hankalinsa, ya mai da hankali, kamar dai hankali wani abu ne da ake ɗauka daga wuri a kai wani wuri. Alhaji bai sami taɓin hankali ba ko kaɗan. Hankalin nasa ne ya karkata, ya kasa komowa.

Da muka koma ga littattafanmu sai muka tarar magabata sun taɓo gefen wannan magana, ko da yake ba su siffanta larurar kanta ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin faliji, watau shanyewar ɓarin jiki, a cikin Alƙanun. Ibnul Haisam kuwa, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekara dubu da suka wuce, ya tabbatar cewa gani ba ya cika a cikin ido, sai sura ta wuce ta jijiya ta isa ƙwaƙwalwa, kuma ya bambanta tsakanin riskar abu da kallo ɗaya da riskarsa ta hanyar ta'ammuli, watau bin sassansa da ido ɗaya bayan ɗaya. Da mun tuna da wannan bambanci ran da muka zauna a turakar Alhaji, da ba mu ce tun da idonsa biyu a buɗe lalle yana ganinta ba.

Siffanta larurar dalla-dalla aikin likitocin Turai ne. A 1941 wani likitan Ingila, Russell Brain, ya rubuta labarin marasa lafiya da suke ɓata a cikin gidajensu, domin duk inda ya kamata su karya hagu sai su karya dama. Alhaji ma haka ya riƙa yi da hanyar makewayi. Amma binciken da ya fi ba mu mamaki shi ne wanda Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti suka yi a birnin Milan ta Italiya a 1978. Akwai wani babban dandali a tsakiyar birnin, a gaban babbar majami'arsu, wanda kowane ɗan garin ya san shi kamar tafin hannunsa. Suka ce wa marasa lafiya biyu su ɗauka a ransu suna tsaye a ƙarshen dandalin suna fuskantar majami'ar, su faɗi gine-ginen da ke wurin. Suka lissafa na damansu suka bar na hagu. Sai aka ce to, yanzu ku ɗauka kuna tsaye a ƙofar majami'ar kuna kallon inda kuka baro. Sai suka lissafa waɗanda suka tsallake ɗazu, domin yanzu su ne a dama, suka bar waɗanda suka ambata da farko. Ku lura, ya 'yan'uwa, a ɗakin asibiti suke zaune, babu dandali a gabansu, ido bai shiga cikin maganar ba. Ilmin dandalin gaba ɗaya yana nan a ajiye cikin kansu, amma ko a cikin zuci rabi ɗaya kaɗai suke iya dubawa a lokaci guda. Mun gwada wannan da Alhaji a kan layin kantinsa, muka ce ya shigo daga bakin titi ya faɗi maƙwabtansa, sa'an nan ya shigo daga ƙarshen layi. Abin da aka gani a Milan shi muka gani.

A 1988 kuma John Marshall da Peter Halligan na Ingila suka nuna wa wata mata mai wannan larura zanen gidaje biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya wuta tana ci a gefensa na hagu. Ta ce babu bambanci tsakaninsu. Aka ce duk da haka wanne za ta zaɓa ta zauna a ciki, ta ce tambayar banza ce, amma a mafi yawan lokuta sai ta nuna wanda ba ya cin wuta. Mace ɗaya ce, ba a gina hukunci a kan mutum ɗaya, sai dai bincike da yawa bayan wannan sun ƙarfafa cewa abin da ke hagu yana shiga ƙwaƙwalwa har ya yi wani tasiri, ba tare da mai shi ya sani ba. Mun gaya wa Hajiya wannan, domin ta san zaman da ta yi a ƙarƙashin tagar nan ba lalle ne ya tafi a banza ba.

Kada mai lafiya ya ɗauka shi yana ganin duk abin da ke gabansa. A 1999 a Jami'ar Habad ta Amurka an nuna wa mutane majigin 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga jifan, sai wajen rabinsu ba su ga wani mai shigar goggon biri da ya ratsa tsakiyar fili ba. Ɓarayin kasuwa sun riga malaman jami'a sanin wannan: ɗaya ya tsare ka da ciniki ta nan, ɗaya ya zare turmi ta can.

Yanzu ga abin da ya shafi 'yan kasuwa da ma'aikata kai tsaye. In Alhaji ya ɗauki takardar boko, sai ya fara karatu daga tsakiyar layi, domin farkon layin yana hagu. In ya ɗauki ta Larabci ko ajami, sai ya fara daidai, amma ya sauka layi na gaba tun bai kai ƙarshe ba, wani lokaci ma ya yanke ƙarshen kalma, inda i'irabi yake. A cikin abin da ya haddace ba a gane wannan, domin harda tana cike masa abin da ido ya tsallake, shi ya sa mutanen gida suka ce ai yana karatunsa lafiya lau. Lambobi kuwa, ko da na boko aka rubuta ko da na Larabci, babbar lamba a hagu take. Wanda ya rasa hagunsa zai dubi 125,000 ya karanta 25,000 ko 5,000, ya sa hannu da natsuwa. Sau biyu haka ta faru a littafin bashin kantinsa kafin 'ya'yansa su farga, kuma a na biyun har an fara zargin yaron kanti da cin amana. Har lissafin zuci abin yakan taɓa: a birnin Paduwa ta Italiya a 2002 an tambayi irin waɗannan marasa lafiya wace lamba ce a tsakiyar 11 da 19, sai a sami mai cewa 17 maimakon 15, kamar dai lambobi a jere suke a cikin kai daga hagu zuwa dama, ƙananan sun faɗa ɓangaren da ya ɓace.

Abin da ya ƙara wa al'amarin wuya shi ne, sau da yawa marar lafiyar ba ya yarda akwai abin da ya same shi. Wani likitan Faransa, Joseph Babinski, shi ya ba wannan hali suna a 1914, kuma yana cikin ciwon, ba taurin kai ba ne. William Douglas, alƙali a Kotun Ƙoli ta Amurka wanda ya shekara 36 a kan kujera, ciwon ya same shi a ranar ƙarshe ta 1974, ɓarinsa na hagu ya shanye, amma ya dage cewa lafiyarsa ƙalau ya koma aiki, sai a Nuwamba 1975 ya sauka. In alƙalin Kotun Ƙoli zai kasa ganin larurarsa, to, ba abin kunya ba ne ga magatakarda ko ma'aji a ce ya dakata da sa hannu a takardun kuɗi har likita ya gwada shi. Tuƙi kuwa babu shi sam. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, duk motar da ke tahowa ta gaba ta hagun direba take wucewa. Mun sha rigima da Alhaji kafin ya saki makullin motarsa, ƙarshe sai da aka ɓoye shi.

Game da ibada, abin da muka fahimta a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne, wanke hannu biyu da ƙafa biyu da dukan fuska farilla ne, alwala ba ta inganta in an bar gaɓa. Amma babu zunubi a kan wanda ya bari ba da saninsa ba, hukuncinsa ya fi kusa da na mai mantuwa: in an tuna masa sai ya wanke abin da ya bari, in ya riga ya yi salla da ita ya sake. Tun da kuwa shi ba zai tuna da kansa ba, to, nauyin ya hau kan na kusa da shi su tsaya a kansa lokacin alwala, kuma ya halatta wani ya wanke masa gaɓar da ya kasa. Sallama ɗaya ce farilla, saboda haka rashin waiwayawa hagu ba ya ɓata sallarsa. In zai yi ɗawafi, Ɗakin Allah a hagunsa zai kasance, shi kuwa jikinsa dama yake ja, lalle ne a haɗa shi da mai riƙe shi. Wajen dukiya kuwa ba mu ga hujjar a hana shi tasarrufi kamar wanda hankalinsa ya gushe ba, domin hankalinsa yana nan. Abin da muka ba da shawara shi ne ya naɗa wakili da bakinsa, a riƙa karanta masa kowace lamba da murya kafin ya amince. Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu malamai da alƙalai, in aka kawo ƙarar miji ko uba da ya canza hali bayan shanyewar ɓarin jiki, a tambayi ta wane gefe mai ƙarar yake zama kafin a tambayi wa ya yi asiri.

Tushen abin dai hawan jini ne a mafi yawan mutanenmu. Babban binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, aka buga a 2018, ya nuna babu wani dalili da ya kama ƙafarsa wajen jawo wannan ciwo. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini sa'a huɗu da rabi na farko kaɗai yake da su. Addu'a ana yinta a cikin mota.

Magani na gafalar kanta yawancinsa horo ne da haƙuri. An gano tun 1985 cewa zuba ruwan sanyi a kunnen hagu yana dawo da hagun na 'yan mintoci, amma wannan gwajin likita ne, kada wani ya yi shi a gida. A 1998 Yves Rossetti da abokansa a birnin Liyon ta Faransa suka sa wa marasa lafiya tabarau mai karkatar da gani zuwa dama, suka sa su nuna abu da yatsa sau da yawa, da aka cire tabarau sai aka ga lurarsu ta matsa hagu har na wasu sa'o'i. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun ga amfaninsa, wasu ba su gani sosai ba. Mu abin da ma'aikaciyar gashin ƙashi ta koya mana mai sauƙi ne. Aka manna jan ƙyalle a gefen hagu na littafinsa da na farantinsa, aka ce kada ya fara karatu, kada kuma ya ce ya gama cin abinci, sai ya nemo jan. Aka ɗaura masa agogo a hannun hagu. Aka riƙa sa shi motsa hannun nan, domin motsa shi yana jan hankali zuwa wajensa. Magani da ruwan sha da abin kiran mutane aka bar su a dama don kada ya rasa su, hira kuwa aka mai da ita hagu. Hajiya ta kwance kayanta ta koma ƙarƙashin tagarta, wannan karo da umarnin likita, tana kiran sunansa tana taɓa kafaɗarsa har ya juyo. Amarya, wadda aka yi wa ƙazafi ba ta ji ba ta gani ba, mu da kanmu muka je muka ba ta haƙuri a gaban dangin duka biyu.

Yanzu shekara ta zagayo. Yana cinye tuwonsa, yana zana agogo da lambobi a mazauninsu, ko da yake na hagun sukan ɗan matsu. In ya gaji, ko wuri ya cika da hayaniya, abin yakan dawo, ya bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗa. Ya koma kanti yana zama da safe, ɗansa yana karanta masa lambobi. Ran Juma'a mukan tsaya a hagunsa a sahu da gangan, domin mamu yakan mayar da sallama ga wanda ke hagunsa in akwai shi. Makonni da yawa yana sallamewa ya miƙa hannu ga na damansa, mu kuwa ko oho. Juma'ar da ta wuce, bayan liman ya sallame, sai muka ga kansa yana juyowa a hankali, kamar mai tura ƙofa mai nauyi, har idonsa ya sauka a kanmu. Ya mayar mana da sallama, sa'an nan ya ce, "Malam, tun yaushe kake nan?"